Jirgin da Aka Yi wa Ƙugu

Kudancin Faransa,
12 ga Nuwamba, 1959

Zuwa ga iyalina Saudatu, gidan maƙera, Gangara.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da 'yarmu Tala. Yaya Inna da ciwon idon nata? Ki durƙusa ki gaishe mini da ita. Ki gai da Yaya Chindo da mutanen gidansa, ki tambaye shi yadda hatsin bana ya yi, da gujiyar gonar gabas. Ina kuma gai da Mushe Ayuba, malamin lakol, makarantar bokon Gazawa, da zai karanta miki wannan. Ya yi haƙuri da rubutuna, da girmana na koye shi a soja.

Labarin da nake da shi shi ne an ɗauke ni daga garejin motoci. Wani lajidan, mai muƙami kamar samanja a soja, shi ne ya ga na gyara murfin mota da ya lotse, ya yi ta shafawa ya rasa inda lotsawar take. Ya tambaye ni inda na koya, na ce masa cikin maƙera aka haife ni, tun ban iya ɗaura wando ba nake riƙe wa marigayi Baba awartaki. Kwana uku bayan nan aka kai ni rumfar jiragen sama.

Saudatu, jirgin da ke cikin rumfar nan ba irin wanda muke hangowa yana ratsa Gangara ba ne. Ba shi da farfela. Ta gaba yake haɗiye iska, ya fesar da wuta ta baya. Fukafukansa sun kwanta baya kamar na tsattsewa, jikinsa kuwa farin ƙarfe ne marar nauyi, mutum yana ganin fuskarsa a ciki. Shi kaɗai ne irinsa, gwada shi ake yi. Ranar da na fara ganinsa sai da na yi tasbihi.

Amma yana da matsala, ita ce ta hana kowa sakewa a nan. Kin san in mutum ya tsaya a gonarmu ya hango mata suna daka a bakin gari, sai ya ga taɓarya ta sauka, sannan daga baya ya ji dukan? Ashe ƙara tafiya take yi kamar mutum, tana da iyakar saurinta. Sun auna, sun ce za ta tashi daga Gazawa ta isa Maradi cikin minti biyar ko shida. To, jirgin nan an ƙera shi ne don ya tsere wa ƙara, ya kuwa ƙi. Matuƙinsa, wani marar yawan magana da muke kira Dogo, ya hau shi sau goma sha ɗaya. Kullum ya matso kusa da saurin ƙara sai jirgin ya kama karkarwa, ya toge kamar ya dafa katanga, alhali sarari ne fetal babu komai. Bisa lissafinsu injin yana da ƙarfin da ya isa. Na ga Dogo ya sauko rigarsa sharkaf da gumi cikin sanyin nan.

Akwai wani dattijon injiniya, gajere mai furfura, na raɗa masa suna Tsoho. Shi aka kira ya duba abin. Kwana shida ke nan yana zagaya jirgin, hannu a baya.

Ki kula da kanki. Ki faɗa wa Tala babanta yana gaishe ta.

Ni ne maigidanki,
Nomau

Kudancin Faransa,
20 ga Fabrairu, 1960

Zuwa ga Saudatu.

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da duk mutanen gida. Yaya sanyi, yaya Inna, yaya Tala? Nan ƙanƙara ta zubo sau biyu, amma ina nan lafiya lau. Mushe Ayuba ya gyara zama, takardar yau tana da tsawo.

Saudatu, na ga iska da idona. Ba ƙurar da take ɗauka ba, ba ganyen da take kaɗawa ba, ita kanta.

Ga yadda aka yi. Tsoho ya tsaya a bakin teburina ya daɗe yana kallon hannuna, sannan ya ce in biyo shi. Ya kai ni wani gini inda aka girke wani ƙaton bututu. A cikinsa an kafa ɗan ƙaramin jirgi, tsawon hannuna, kamannin babban sak. Aka kunna injuna, iska ta shiga bututun da irin gudun da jirgi yake yi a sama. Akwai tagar gilashi da fitila mai haske, inuwar ɗan jirgin tana faɗawa kan farin allo. Da iskar ta kusa saurin ƙara sai ga wasu baƙaƙen layuka sun miƙe tsaye daga jikin jirgin, mafi kaurinsu daidai inda fukafukai suka haɗu da gangar jiki. Tsoho ya sa yatsa a kan layin ya ce ga katangar da Dogo yake dafawa. Shekara talatin ina shaƙar abin nan, ban san ana iya tara shi ya yi tauri ba.

Ya yi mini bayani a hankali, don faransancina ba ya gudu. Ya ce in jirgi yana tafiya sannu, iskar da ke gabansa tana samun labarin zuwansa sai ta kauce gefe, kamar yadda mutane suke darewa a kasuwar Gazawa in sun ji mai jaki yana neman hanya. Amma in gudunsa ya kai na ƙara, shi da labarinsa tare suke isowa. Iska ba ta samu sanarwa ba, sai ta cunkushe a jikinsa.

Daga nan ya ɗauko wani jirgin na itace da aka yayyanka gunduwa-gunduwa kamar rake, ya jera gunduwoyin a tebur daga hanci zuwa wutsiya. Daga hanci kowace gunduwa ta ɗan ɗara ta gabanta kaɗan. Da aka zo wurin fukafukai sai faɗin ya ƙaru gaba ɗaya, da aka wuce su ya sake faɗuwa gaba ɗaya. Ya ce ita iska ba ruwanta da wane ne fiffike wane ne jiki, jimlar kaurin da za ta kauce wa ta sani, kuma ba ta son a ba ta mamaki. Tana son kaurin ya ƙaru sannu sannu, ya ragu sannu sannu. Saboda haka inda fukafukai suka ci wuri, dole jiki ya rage nasa. Za a matse wa jirgin ƙugu kamar kalangu, a kuma ɗan ƙara masa ciki a bayan fukafukai. Ya ce ba shi ya gano wannan ba, wasu ne a wasu ƙasashe, 'yan shekarun nan, bayan an daɗe ana ƙera jirage ba wanda ya lura.

Na yi ƙarfin hali na ce masa, "Mu a gidanmu, inda ƙarfe ya fi sirancewa nan yake karyewa."

Na zaci zai yi dariya. Sai ya ce gaskiya na faɗa, shi ya sa za a ninka haƙarƙarin ciki a wurin. Ya kuma ce tun da jirgi ɗaya ne, ba za a ƙera masa injin matsa ƙarfe ba, da hannu za a bugi fatar ƙugun. Faranti shida ne, lanƙwasarsu ta fuska biyu take, kamar bayan ƙwarya. Uku na ɓangaren hagu ni aka ba.

Sati uku ke nan ina kan na farko, da gudumar itace da jakar fata cike da rairayi. Na ƙera hauya ba iyaka, in ta karye manomi ya dawo ya yi mini tsiya mu yi dariya. Wannan kuwa mutum ne zai zauna a ciki, can sama da gajimare. Ki sa Inna ta yi mini addu'a.

Naki,
Nomau

Gangara,
25 ga Afrilu, 1960

Zuwa ga maigida.

Ina gaishe ka gaisuwar girmamawa, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Takardunka biyu sun iso. Inna tana sa maka albarka. Idonta na dama ya rufe, na hagu tana ganin haske da shi.

Abin da ba mu so gaya maka ba tun da fari shi ne, Yaya Chindo ya faɗo daga kan rumbu wajen jinka, kafaɗarsa ta goce. Maɗori ya gyara, amma har yau ba ya iya ɗaga masaɓa. Wata uku ke nan ba a hura wuta a maƙerar gidan nan ba. Ga damina ta matso, mutanen Gangara suna tafiya Gazawa neman hauya da sungumi, wasu har ƙetaren iyaka. Inna takan sa a ja ta zuwa rumfar maƙera da safe, ta zauna kusa da uwar maƙera tana shafa ta.

Zancen ƙara da ka yi, na gwada. Na ce wa maƙwabciyata Habi ta fito da turmi bakin gari, ni kuma na tafi gonar gabas da 'yarka. Gaskiyarka ne, taɓarya tana sauka kafin dukan ya iso. Na sa ta maimaita har ta gaji. Matan gari sun ce takardun Faransa sun taɓa ni. Ni dai na dawo gida ina mamakin Allah, shekara nawa ina ganin wannan ban taɓa tambaya ba.

Yanzu ga wata magana. Mushe ya ce kada ya rubuta, na ce ya rubuta. Ka cika takarda biyu da ƙugun jirgi, 'yarka kuwa layi ɗaya ka ba ta. Ka tafi tana goye, yanzu ita take kai wa Inna ruwan alwala. Yaya Chindo take ce wa Baba. Da na ce mata tana da wani uban, sai ta tambaye ni ko shi ne wanda yake cikin takarda.

Ana ta zancen ƙasa za ta karɓi mulkin kanta bana, kuma sojan da wa'adinsa ya cika zai iya dawowa. Ka ce shekara biyu, ga ta huɗu muna ciki. Ban hana ka aikinka ba. Ka gama shi da kyau, kada mutumin nan ya faɗo. In ka gama ka gaya mini abin da ke ranka, ko wane iri ne, in san matsayina.

Ni ce iyalinka,
Saudatu
(da hannun Mushe Ayuba)

Kudancin Faransa,
18 ga Yuni, 1960

Zuwa ga Saudatu, uwar ɗakina.

Bayan gaisuwa da ban haƙuri. Ki yi wa Yaya Chindo sannu da jiki, ki gai da Inna. Ki riƙe hannun Tala ki ce mata wanda yake cikin takarda yana da hannu da ƙafa, ya kuma san ranar da aka haife ta. Takardarki ta iso, na karanta ta sau da yawa. Gaskiya kika faɗa.

Bari in ba ki labarin yadda aikin ya ƙare, tun da kin ce in gama shi da kyau.

An kafa farantan duka shida, aka sa ranar tashi. Ana saura kwana biyu, da safe, na bi ƙugun da tafin hannu kamar yadda na saba. A faranti na uku, nawa, sai na ji wani ɗan kwarmi, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Ido ba ya ganinsa. Na aza ma'aunin katako da aka ba mu, ya zauna daidai. Na daɗe tsaye a wurin. In na ɓoye, ba wanda zai taɓa sani. In kuwa na faɗa, na tona wa kaina asiri a gaban mutanen da dama wasunsu ba su so aka ba baƙar fata wannan aiki ba. Abin da ya motsa ni shi ne matar Dogo, da take zuwa bakin ƙofa kowace yamma da 'yan matanta biyu su tarbe shi.

Na gaya wa lajidan. Ya auna bai ga komai ba, ya hau ni da faɗa, ya ce manya za su zo daga babban birni saboda ranar nan, ni kuma na zo da mafarki. Aka kira Tsoho. Ya rufe ido ya shafa, ya ce shi bai ji ba. Sai ya sa aka rufe ƙofar rumfar, aka kawo fitila aka haska wurin a karkace. Ga inuwar kwarmin nan kwance kamar sawun babban yatsa. Ya ce mai yiwuwa ba zai yi komai ba, mai yiwuwa kuma ya yi, shi ba ya tura mutum sama da mai yiwuwa. Aka cire farantin. Kwana tara na yi ina bugun wani. Lajidan bai amsa gaisuwata ba duk kwanakin.

Ranar tashi gari ya waye garau. Da aka jawo jirgin waje na gan shi daga nesa karo na farko da sabon ƙugunsa, kamar zanzaro. Wasu ma'aikata suka ce an ɓata masa kyau. Dogo ya zagaya shi, ya dafa ɓangaren hagu, ya dube ni ya ɗaga kai, ya hau.

Ya tashi ya ɓace. Muka tsaya a fili, mu fi ɗari. Ni ina karanta duk abin da na haddace. Bayan kamar rubu'in awa wani ya nuna sama. Wani ɗan ɗigon haske ne can ƙololuwa yana jan farin zare, yana tafiya shiru, ko motsin ƙara babu. Ya ratsa kanmu ya wuce, har na fara sauke kai. Sannan abin ya iso: dum, dum, sau biyu, kamar an buga sama da ƙasa. Na ji shi a ƙirjina, gilasan buro, ofishin manya, suka yi ƙara, tsuntsaye suka tashi daga ciyawa gaba ɗaya. Ƙarar tasa ce take biye da shi a baya, ya tsere mata.

Mutane suka yi ta jefa huluna. Ni kuwa na durƙusa na sa goshi a ƙasa. Saudatu, Allah ya ajiye wannan ƙa'ida cikin iska tun ranar da ya halicce ta, tana nan a kan Gangara kamar yadda take nan, tana jiran wanda zai lura. Injin nan shi ne na da, ba a ƙara masa komai ba, siffa kawai aka sauya.

Da Dogo ya sauko ya ce ya yi ta jiran karkarwar, bai ji ta ba sai kaɗan. Allurar ma'auni ce kawai ta yi tsalle ta gaya masa ya wuce, can ɗin kuma lumui ne kamar tafki.

Ga abin da kika tambaya. Tsoho ya ce in na fita soja in zauna da su shekara uku, akwai wani jirgin da ya fi wannan, za a ba ni ɗaki, zan iya kawo iyalina. Ba zan ɓoye miki ba, raina yana so, so mai tsanani. Ban ba shi amsa ba. Ki ba ni 'yan kwanaki.

Naki har kullum,
Nomau

Maradi,
21 ga Agusta, 1960

Zuwa ga Saudatu.

Sallama da gaisuwa gare ki, da Inna, da Yaya Chindo, da Tala. Yaya damina? Ki ce wa Mushe Ayuba ya sake karanta sunan garin da ke saman takardar nan, bai yi kuskure ba. Ina Maradi tun shekaranjiya. Ruwa ya yanke hanya kafin Agye, motoci suna jira ya janye. Magaji mai fataucin goro zai bi ta daji da doki, shi na ba wannan.

Sau uku na zauna in rubuta miki ki shirya ki taho Faransa da Tala. Kowane karo sai in ga Mushe yana karantawa a tsakar gida, Inna tana zaune tana ji. Na kasa ƙarasa ko ɗaya. Na je na gaya wa Tsoho zan tafi gida. Ya tambaye ni me zan ƙera a can, na ce hauya da lauje. Ya miƙo mini takarda ya ce in zana masa hauyarmu. Muka yini a kanta. Ya yi ta tambayata dalilin lanƙwasar wuyanta, da dalilin da bakinta ya fi faɗi a ƙasar rairayi. Rabin tambayoyin ban san amsarsu ba, haka na tarar Baba yana yi. Ya ce to in je in gano, in rubuto masa. Ya ba ni gudumar itacen da na yi aikin da ita. Lajidan ma ya zo tasha ya ba ni hannu.

Muna cikin teku aka yi bikin 'yancin kai. Na iso na tarar da sabuwar tuta a kan kowane buro, na tsaya na kalle ta da kyau. Ki ce wa Yaya Chindo a nemo gawayi, a shafa wa zugazugi mai. Lokacin hauya ya wuce, amma lauje da wuƙar girbi ba za su gagare mu ba kafin kaka. Shi ya zauna ya riƙa nuna mini, ni in buga.

Saura magana ɗaya da na ɓoye miki wata biyar, na fi so ki ji ta kafin ki gan ni. Kunnena na hagu ya mutu. Tsayuwa kusa da injin ne lokacin da ake gwada shi a ƙasa. Likita ya duba ya ce ba zai dawo ba. Na dama yana nan, sai dai in mutane sun yi yawa magana takan cakuɗe mini. Ban yi nadama ba, kada ki yi kuka a kai. Abin da na gani ya isa a ba da kunne saboda shi.

Amma in kin yi mini magana na yi shiru, kada ki ɗauka raini ne ko hankalina yana can. Ki zagayo ta damana ki sake faɗa. Ki koya wa Tala haka tun yanzu, don ba na son kalmar farko da za ta ce mini ta faɗa a kunnen da ba ya ji.

Sai na iso, in Allah ya yarda.

Ni ne maigidanki,
Nomau